Macijin Hedimasta

To, ku gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba, ta riga ta zo ta wuce tun kafin a haifi iyayen wasunku. Ni zan faɗa, jikata Rakiya ta rubuta, don ni har yau ko sunana aka rubuta mini da boko sai dai in gane shi da kamanni. Amma sunan ƙasar nan da sunan jihar nan, babu wani mai digiri a Lafia da ya taɓa rubuta su da girman da na rubuta su. Nawa harafi guda yakan kai kamu ɗaya.

Sana'ata ɗinkin tuta. Ba wadda ake ja sama a jikin ƙarfe ba, irin doguwar nan da 'yan makaranta biyu suke riƙewa a gaba ranar fareti, sunan makaranta a sama, sunan jiha ko na ƙasa a ƙarƙashi. Yanzu Rakiya tana da shago, ta danna kwamfuta, inji ya amayo mata leda mai rubutu kafin koko ya huce. Ita da ƙawayenta suka ce wai aikina ai yanka da mannawa ne, ko yaro ya yi. Rubuta hakan, Rakiya, kada ki gyara, ke kika faɗa.

Ku fara sanin abu ɗaya. A wannan sana'a ba keke ne jari ba, ba almakashi ba. Jarin shi ne a ce hannun wance ba ya kuskure. Mace ba ta shiga aji ba tana ɗinka boko, kowa ido ya zuba mata. Ran da aka ce ta ɓata suna sau ɗaya, ta gama, ta koma sayar da gyaɗa. A tsawon aikina sau ɗaya aka faɗi haka a kaina, kuma can labarin nan ya nufa.

Tutar farko da na sa wa hannu ta En'e ce, wato hukumar sarki ta wancan zamani, shekara uku bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina 'yar talla, nakan tsaya da farantina a bakin rumfar wata tela, mutuniyar kudu, kowa Madam yake ce mata. Da ta gaji da ganina tsaye sai ta miƙo mini reza ta ce, “Kai yarinya, zo ka yi aiki.” Haka Hausarta take, mace da namiji duk kai ne. An kawo mata tuta koriya, aka ce an rabu da Sarauniya baki ɗaya, ƙasa ta zama jamhuriya, sunanta ya ƙara tsawo. Madam ta shimfiɗa tutar, ta dubi sabuwar takarda, ta ce haruffa shida na farko suna nan yadda suke, kada in taɓa su. Sauran in farke a hankali, in jera su a kwano, don wasunsu za su sake shiga. Ran nan na fara gane cewa in aka sauya wa ƙasa suna, yawancin kayan na jiya ne ake sake jerawa.

Madam tana da haruffa na kwali, cike da jaka. Ta so ta koya mini sunayensu na Turanci, kaina ya ƙi. Sai na raɗa musu nawa. Mai kai tsini da sanda a tsakiya, bukka. Mai haƙora uku, mataji. Miƙaƙƙen nan, taɓarya. Akwai ƙwai, akwai turmi, akwai fartanya, akwai mai ciki ta miƙe ƙafa. Mai lanƙwasa biyu kuwa maciji ne, kuma duk cikinsu babu mai wahalar da tela kamarsa. Madam ta yi dariya har ta share hawaye, daga baya ita ma sai in ji ta ce, “Miƙo mini maciji.”

Ku da kuke cewa yanka da mannawa ne, ku saurara. Kafin a yanka yadi sai an jiƙa gefensa an gani ko koren zai zuba a kan fari, don ruwa ba ya tambayar ranar fareti. Farin yadin haruffa a sa masa sitacin rogo, a shanya, a goge da dutsen guga na gawayi har ya tsaya kamar takarda. A kifa kwalin a bayan yadi a zana da alli, kuma a kife yake, in kika manta macijinki zai fito yana kallon baya. A yanka a bar ragowa kamar faɗin ɗan yatsa, a tsattsaga bakin lanƙwasa, a naɗe ciki, a kama da allura kafin a hau keke. Sannan a ninka tutar biyu a sami tsakiya, daga tsakiya ake jera haruffa zuwa gefe, ba daga farko ba. In an gama a huda mata 'yan ƙofofi kamar jinjirin wata, iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba ta kwashe yaran da ke riƙe da ita. Doka kuwa guda biyu Madam ta kafa mini. Kada in sa almakashi sai na ga takarda da hannun mai aiki. Kada in yar da takardar, ko mai ita ya mutu. Tana da gwangwanin biskit, can take tara su.

Ana nan, ana nan, sojoji suka karɓi mulki. Aka sake kawo tutar nan ta En'e, aka ce an cire wa ƙasa kalma ɗaya, wadda ke nufin tarayya. Kalma ɗaya tak. Ni na farke ta, haruffa bakwai, na zuba a kwano. A kan kalmar nan da abin da ke bayanta gari ya ɗau zafi a Arewa, aka zubar da jinin da ba zan ba ku labarinsa yau ba. Wata safiya Madam ta ɗaure kayanta, ta damƙa mini keke da jakar kwali da gwangwani, ta ce in riƙe mata kafin ta dawo. Damina ba ta ƙare ba aka ce an mayar da kalmar. Masinja ya zo da tutar yana tambayar Madam, na ce ba ta nan, amma haruffan suna nan. Ni kaɗai na mayar da su, shi ne aikina na farko babu Madam. Kalmar ta dawo, Madam ba ta dawo ba. Na ji an ce mutanensu sun raɗa wa yankinsu wani suna dabam, sunan bai cika shekara uku ba. Wannan ban taɓa ɗinka shi ba, ban san ko bukka nawa gare shi ba.

Daga nan sana'a ta buɗe. Ni dai tunda aka haife ni ban tashi daga Lafia ba, rijiyar da na sha ina yarinya ita nake sha, amma na zauna a jiha huɗu. Muna Jihar Arewa, aka wayi gari aka ce mu 'yan Binuwai da Filato ne, na ɗinka sunaye biyu da ɗan kara a tsakaninsu. Aka jima aka ce Binuwai ta yi nata wuri, na farke rabin farko da ɗan karan, na matso da sauran tsakiya. Manomi kakarsa sau ɗaya a shekara, ni kakata ran da rediyo ya sa kiɗan soja aka ce a saurari muhimmin jawabi. Mutane su taru suna gardamar ko an ci gaba ko an ci baya, ni in aika a sayo mini zare. Daga Obi, daga Agyaragu, daga Arikya, malamai su zo da tutoci a ɗaure a bayan keke. Aka daina kirana da sunan yanka, sai Iya Mai Tuta.

To, sai shekarar da aka ba mu jiharmu ta Nasarawa, Lafia ta zama babban birni. Gari ya kwana biyu yana rawa. Kowa ya ce Iya Mai Tuta bana kin haye, don babu tutar da ba za a sauya ba. Ashe ita ce muguwar shekarata.

Abin da ya faru, sunan jihar a rediyo aka ji shi. Kunne ya ji, ido bai gani ba. Kowa ya rubuta yadda hannunsa ya saba. Wanda ya fara zuwa wurina hedimastan wata firamare ne a hanyar Agyaragu, ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna gaishe ni. Mutum ne mai tsafta, biro uku a aljihu. Daga wajen Nasarawa Eggon ya fito, can kuwa allon garinsu maciji biyu gare shi. Ya ciro takardar makaranta mai hatimi, ya juya bayanta, ya rubuta mini sunan da manyan baƙi. Na ƙirga: haruffa tara, bukka huɗu, maciji biyu a jere. Na tambaye shi ko ya tabbata, don maciji biyu aiki ne. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi ya shekara ashirin yana koyar da rubutu. Na ce Allah ya ba da haƙuri. Na jefa takarda a gwangwani, na ɗauki almakashi.

Tutar nan yadi shida ce, kore shar. Ban taɓa yanka macizai masu kyau kamar waɗannan biyun ba, kai ka ce tagwaye ne. Za a yi faretin tarbar sabon kantoma ranar Asabar, ranar Litinin aka tara makarantu a fili don gwaji. Ni kuwa al'adata ce in je in tsaya a gindin mangwaro in ga yadda aikina yake tafiya cikin iska. Makarantar hedimasta ta taho, ganga na tashi, tuta a miƙe. Sai wani jami'in ilimi, babba, ya ɗaga hannu. Ganga ta tsaya. Ya ce takardar gwamnati ta iso, kuma a cikinta harafin nan guda ɗaya ne, wa ya ba su izinin ƙara wa jiha abin da gwamnati ba ta ba ta ba?

Ku sani a sabuwar jiha kujeru sababbi ne, kowane mai biro yana hangen wata. Hedimasta ya waiga hagu, ya waiga dama, sai idonsa ya faɗo gindin mangwaro.

“Yallaɓai, a yi mana afuwa,” in ji shi. “Matar da ta ɗinka ba ta yi boko ba. Ɗaya na ba ta, ita ta ga kyau ta ƙara.”

A gaban malaman makarantu duka ya faɗa, da muryar da yake tsawata wa ɗalibai. Aka yi dariya. Wani ya ce ai ƙila ta ga ɗayan zai yi kaɗaici.

Kafin la'asar magana ta riga ni isa kasuwa. Da yamma aka aiko mini tutar, wai in cire maciji ɗaya. Washegari malamai suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da gaisuwa mai tsawo. Na Obi ya ce yana so ya nuna wa kwamiti launin yadin. Na Arikya ya ce an ɗaga nasu aikin. Kowa ya naɗe yadinsa ya fita, a satin nan ban ga wanda ya dawo da shi ba. Suka kai wa wani matashin tela mai takardar sakandare. Shi ya iya karatu, gaskiya, sai dai ba a gaya masa ana kifa kwali ba, aka sami makarantar da ta yi fareti farkon sunan jiharta yana kallon baya. Wannan ba a ce jahilci ba ne, an ce saurin aiki ne. Ni kuwa igiyar da nake rataye aiki ta zama wayam, yara suna wucewa suna cewa Iya Mai Maciji Biyu.

Ranar Laraba da hantsi na ji jami'in nan zai je makarantar ya ga ko an gyara. Na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi, na buɗe gwangwanin Madam. Ba na karatu, amma kowace takarda a ciki na san fuskarta kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Na ɗauko ta, na ninke tutar a kai, na hau mota.

Na same su su biyu a ofis. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su yadda ya kamata, na tambayi iyali, na tambayi gajiyar sabuwar jiha. Hedimasta ya ce in ajiye tutar a waje, za a neme ni. Na ce ai ba zan daɗe ba, tambaya ce ta kawo ni, irin ta wanda bai sani ba. Na miƙa wa jami'in takardar da hannu biyu.

“Yallaɓai, an ce in cire maciji ɗaya, kuma zan cire. Sai dai ina tsoron in cire na Malam in bar nawa. Ga takardar da ya ba ni, a duba mini. A cikin biyun nan, wanne ne nawa?”

Jami'in ya duba gaba, ya juya ya ga hatimin makaranta, ya sake juyowa. Ya dubi rubutun da ke kan allon ofis, hannu ɗaya ne. Hedimasta ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya goge, har na ji tsoron gilashin zai huje. Can jami'in ya yi gyaran murya. Ya ce a gaskiya ko a teburinsa akwai takardu iri biyu, wasu ɗaya wasu biyu, kuma duk daga sama suka zo. Ya ce ba laifin kowa ba ne, jiha ce jaririya, ba ta gama sanin sunanta ba. Ya ce Iya a yi haƙuri, magana ta ƙare a nan.

Na ce na gode. Amma a raina na ce an fara ta a fili za a ƙare ta a ɗaki, mutum uku da ƙadangare a bango. Gobe wa zai gaya wa na Obi? Ban nemi a ba ni haƙuri ba, wannan ba ya daga cikin kayan aikina. Na ce gyara zan yi, kafin Asabar in Allah ya so, sai dai ni ba na sa almakashi sai da takarda, kuma takarda a rumfata nake karɓa, da hannun mai aiki, yana zaune ina gani. Haka aka koya mini. Jami'in ya ce ai wannan tsari ne mai kyau, da ma ofisoshi za su ɗauka. Ya dubi hedimasta ya ce gobe da safe ya je.

Ya zo, kasuwa ta cika maƙil. Rumfata tana tsakanin Ladi mai manja da masu doya, wurin da in ka yi atishawa a nan za a yi maka sannu a tasha. Na share masa kujerata, na ba shi ruwa. Ya ciro biro ɗaya cikin ukun ya rubuta, ya sa hannu. Na karɓa na juya ta sama da ƙasa.

“Malam, ka san ni ban yi boko ba. Yanzu maciji nawa ne?”

“Ɗaya.”

“Ƙarar keke ta cinye mini kunne, ranka ya daɗe.”

“Ɗaya ne, Iya.”

“Madalla. Wancan karon fa, nawa ka rubuto mini? Don kada in haɗa takardun.”

Masu doya suka daina ciniki. Ladi ta tsaya da mazurari a hannu, manja yana ɗiga. Ya dubi gwangwanin da ke kan cinyata, ya dubi ƙasa.

“Biyu na rubuta.”

Ladi ta ce, “Allah ya ƙara ilimi, Malam.” Kuma da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Ku kuna tsammanin cire harafi ɗaya fizge shi kawai ake yi. Suna mai haruffa tara yana da na tsakiya, mai takwas ba shi da shi, tsakiyarsa fili ne. In ka cire ɗaya ka bar sauran, giɓi zai fito kamar bakin tsohuwa. Sai da na farke taran duka, na tsince zare ɗaya bayan ɗaya, na ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle na bi da guga har ramukan allura suka rufe, na sake ninkawa, na sake jerawa. Yini biyu cur. Ranar Asabar na koma gindin mangwarona. Makarantar ta wuce, tuta a miƙe, suna daidai da takardar gwamnati. Kantoma kuwa daidai lokacin ya sunkuya wani yana yi masa raɗa a kunne. Bai ko ɗaga ido ba.

Na Obi ya dawo bayan sati biyu, ya ce kwamiti ya amince da launin. Na Arikya ya dawo da shekara ta zagayo. Wasu ba su dawo ba har yau, don labarin kuskure ya fi labarin gyara saurin ƙafa. Kakar nan dai ta wuce ni. Amma sunan Iya Mai Tuta ya dawo, da shi na aurar da 'ya'ya, da shi na ci gaba har ido ya ƙi zare, injin su Rakiya ya zo ya ƙarasa. Hedimasta ma ya sami kujerarsa a sakatariya. Duk shekara har ya yi ritaya ni nake yi wa tsohuwar makarantarsa tuta, kuma in ya aiko takarda, sai in ga ya ja layi biyu a ƙarƙashin macijin.

Kwanan baya ina jin rediyo, ana ta musu wai a sauya wa ƙasar suna gaba ɗaya. Wani ya ce ai Baturiya ce ta raɗa shi daga sunan kogi, bai kamata a ce jikoki suna amsa sunan da baƙuwa ta ba su ba. Wani ya ce a bar shi, an riga an saba. Wani ya kawo nasa mai tsawo, na ƙirga a kai na ce wannan sai yadi goma. Rakiya ta tambaye ni ni wanne na zaɓa. Na ce ni ba a taɓa tambayata ba, takarda kawai ake kawo mini, kuma duk sunan da na ɗinka, ramin da ke ƙofar gidanmu bai taɓa jin labari ba.

Amma ɗaga kanki ki dubi ƙusar da ke saman keken nan. Macijin da ke rataye can, shi ne wanda na cire. Fari ne har yanzu, da sitacinsa, bai taɓa yin fareti ba sai na gwaji. Ba nawa ba ne, mai shi kuma bai taɓa zuwa karɓa ba. In masu musun nan sun gama, ki gaya musu su nemi suna mai maciji a ciki, akwai ɗaya yankakke yana jira. Sai dai su zo da shi a rubuce, su zauna nan, su sa hannu ina gani.